Yadda Makaho Zai Ratsa Birni Ya Ziyarci Abokinsa Shi Kaɗai

A shekarar farko bayan idanuna sun tafi, ban taɓa tsallake ƙofar gida ni kaɗai ba. Abokaina sukan zo duba ni mu yi hira, amma sannu a hankali zuwansu ya ragu, kuma ban ga laifinsu ba, domin ziyara aba ce da ake ramawa, ni kuwa ba na ramawa. Zumunci a ƙafa yake, wanda kuma ya naɗe ƙafarsa a ɗaki yakan wayi gari da ƙarancin mutane fiye da yadda ya zata. Wannan ne ya sa na koyi fita, kuma shi ya sa na rubuta wannan bayani domin ɗan'uwa ko 'yar'uwar da makanta ta sama ba da jimawa ba, da kuma wanda aka haifa da ita amma ba a taɓa barinsa ya fita ba tare da ɗan jagora ba. Idan akwai malamin koyar da makafi tafiya a inda kake, ka neme shi tun da wuri, saboda hannun da zai gyara maka riƙon sanda ya fi kowane rubutu. Abin da ke nan zai taimaka maka kafin ka same shi, ko kuma idan babu shi.

Kayan da kake bukata

Na farko ita ce doguwar farar sanda. Ba sandar dogarawa ba ce, aikinta shi ne ta riga ƙafarka taɓa ƙasa ta kawo maka labari. Salon tafiya da ita da ake koyarwa a yau ya samo asali ne daga aikin Richard Hoover a Amurka, wanda ya tsara shi a shekarun 1940 domin sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Biyu. Idan ka tsayar da ita a ƙasa, ya kamata kanta ya kai ƙashin ƙirjinka aƙalla, masu saurin tafiya kuma sukan zaɓi wadda ta kai haɓa. Kada ka yarda da gajera don tana da sauƙin ɗauka. Na taɓa zurma ƙafa a buɗaɗɗen magudanar ruwa, kuma da na yi nazari daga baya sai na gane cewa sandata ta sanar da ni ramin, amma saboda gajartarta labarin ya iso ne a daidai lokacin da ƙafar ta riga ta tashi. Akwai mai naɗewa gaɓa-gaɓa, wadda ta fi dacewa da shiga mota da zama a gidan mutane, akwai kuma miƙaƙƙiya marar gaɓa, wadda ta fi isar da motsin ƙasa zuwa tafin hannu. Bakinta ma iri-iri ne: siriri ya dace da ƙwanƙwasa ƙasa, mai ƙwallon da ke juyawa kuma ya dace da jan sanda a ƙasa ba tare da ɗagawa ba, kuma ba ya yawan maƙalewa a tsagar siminti. Idan ba ka sami sandar da aka ƙera domin wannan aiki ba, nemi miƙaƙƙen icce marar nauyi ko siririn bututun alminiyom, a yanka daidai tsayinka, a shafa masa farin fenti domin direbobi su gane.

Na biyu waya ce mai magana. Wayoyin iPhone suna da VoiceOver, na Android kuma suna da TalkBack, dukkansu a cikin wayar suke, kunna su kawai ake yi, sai su riƙa karanta maka duk abin da yatsarka ta taɓa. Ka sa manhajar taswira mai faɗin sunayen tituna, ka kuma sa Be My Eyes, wadda ta fara aiki a 2015, tana haɗa makaho da mai gani ɗan sa-kai ta kiran bidiyo domin ya karanta masa lambar gida ko rubutun allo. Ƙaramar waya mai madannai ma ta wadatar idan ita ke gare ka, tunda maɓallin lamba 5 yana da ɗan tudu da za ka gane sauran da shi, kuma babban abin da ake bukata shi ne ka iya kiran mai masaukinka.

Sauran kayan ƙanana ne amma kada ka raina su. Abin sauraro na kunne ɗaya tak, domin ɗaya kunnen na titi ne. Batirin ko-ta-kwana mai cikakken caji. Rufaffen takalmi wanda tafinsa bai cika kauri ba, saboda ƙafa ma tana karanta ƙasa. Hula mai baki da tabarau, ko da ba ka ganin komai, domin sanda ba ta ba da labarin reshen bishiya ko buɗaɗɗiyar taga da ke daidai fuska. Jaka ta goyo ko ta ratayawa, domin hannun da ba ya riƙe da sanda ya zama babu kaya. Kuɗi kuma ka ware su tun a gida, kowane iri da salon ninkinsa ko aljihunsa. Daga ƙarshe, kati mai ɗauke da adireshin inda za ka da lambar wayar mai gidan da manyan baƙaƙe, wanda za ka miƙa wa mutum idan waya ta mutu.

1. Koyi sanda a gida kafin ka kai ta titi

Riƙe mariƙin sandar kamar mai musafaha, manuniyar yatsarka a miƙe a jikinta tana nuna ƙasa. Hannun ya tsaya a tsakiyar jikinka, wajen cibiya, ɗan nesa da ciki kaɗan domin idan sandar ta ci karo da wani abu kada ta soke ka. Wuyan hannu ne kaɗai ke motsi, yana kai bakin sandar hagu da dama, faɗin da ya ɗan wuce kafaɗunka kaɗan. Ƙa'idar da ta fi muhimmanci ita ce sanda da ƙafa su saɓa: lokacin da ƙafar dama ta taka, bakin sanda yana hagu, lokacin da ta hagu ta taka, yana dama. Da haka sanda take share wurin da ƙafa ta gaba za ta sauka.

Kurakuran masu farawa uku ne. Wasu sukan bar hannun ya koma gefen kwankwaso, sai gefe ɗaya na jiki ya zama babu tsaro, tafiyar kuma ta riƙa karkata. Wasu sukan ɗaga bakin sanda sama da yawa a tsakanin ƙwanƙwasa biyu, sai ya tsallake dutse ko bakin rami. Bai kamata ya tashi fiye da faɗin yatsa ɗaya ko biyu ba, kuma a ƙasa marar tabbas gara ka ja shi a ƙasa ɗungurungum. Wasu kuma sukan kaɗa sandar da faɗi sosai har su riƙa bugun ƙafafun mutane. Yi kwanaki kana zagaya tsakar gida ko layinku har sai hannu ya riƙa yi ba tare da ka sa masa hankali ba, saboda a titi hankalinka na da wani aikin.

Matakala tana da nata salon. Wajen hawa, tsayar da sandar a gabanka, bakinta na taɓa gaban mataki na biyu, ka hau tana taɓa kowane mataki kafin ka; idan ta kaɗa iska ba ta taɓa komai ba, saura mataki ɗaya ka kai sama. Wajen sauka, fara gano bakin matakin farko da sanda, ka matso da yatsun ƙafa gare shi, ka nemi ƙarfen riƙewa, ka bar bakin sandar yana reto ƙasa da matakin gaba kaɗan har ya bugi daɓen ƙasa.

2. Tattara bayanin hanya kafin ranar tafiya

Ka zaɓi aboki ɗaya da hanya ɗaya. Kada ka ce za ka koyi birni, babu wanda ya san birni gaba ɗaya, hanyoyi ake sani ɗaya bayan ɗaya. Kira abokin ka gaya masa ranar da za ka zo, sannan ka yi masa tambayoyin da mai gani ba ya tunanin amsawa da kansa. Mai gani zai ce maka gidan mai shuɗin fenti ne, ko ya ce idan ka zo za ka gani. Kai kuwa ga abin da kake so: idan na sauka daga mota, gidan yana ɓangaren da na sauka ne ko sai na tsallaka? Kwana nawa zan wuce? Ƙofa ta nawa ce daga kwanar ƙarshe? Ta ƙarfe ce ko ta katako, turawa ake ko jawowa? Akwai matakala a gabanta, guda nawa? Akwai kwata a buɗe, ko aikin gini, ko kare? Ƙararrawa tana wane gefe? Idan bene ne, hawa na nawa, kuma ƙofa ta nawa daga bakin matakala?

Ka nemi ya yi maka kwatancen da hagu da dama naka, kana fuskantar inda za ka, domin da yawa sukan faɗi hagunsu suna tsaye a ƙofar gida suna kallon titi, wanda shi ne damanka. Naɗi bayanin da murya a waya ko ka rubuta da rubutun makafi, ka saurara sau da dama har ka iya maimaita shi daga farko zuwa ƙarshe, sannan daga ƙarshe zuwa farko, saboda dawowa. Tafiyar farko ta kasance da rana, ba a lokacin cunkoson safe ko na tashi daga aiki ba, kuma ka ƙara rabin awa a kan lokacin da kake zato.

3. Bi hanyar da mai gani sau ɗaya ko biyu, kana tara alamomi

Idan da hali, wani ya raka ka karon farko, amma ya bi bayanka, kai ne a gaba da sandarka. Wanda aka ja da hannu ba ya koyon hanya, ko da an kai shi sau ɗari. Aikin mai rakiya shi ne ya tsayar da kai idan akwai haɗari, ya kuma amsa idan ka tambaya mene ne wannan da na taɓa.

Alamomi iri biyu ne, kuma rarrabe su yana da amfani ƙwarai. Akwai tabbatattu, waɗanda kullum suna nan: turken lantarki a kwana, gangaren mashigar mota, wurin da kwalta ta ƙare tsakuwa ta fara, katanga mai kaushi bayan mai santsi, murfin ƙarfe da ke amsa sanda da wata irin ƙara. Akwai kuma masu zuwa su tafi: ƙamshin gidan burodi, ƙarar injin wani shago, hayaniyar 'yan makaranta, zafin rana a kuncin dama da safe. Na biyun suna ƙarfafa maka zuciya cewa kana kan hanya, amma kada ka gina juyawa a kansu, domin ranar da shagon bai buɗe ba za ka wuce kwanarka. Ƙirga taku ma ba abin dogaro ba ne a doguwar tafiya, tunda taku yana canzawa da gajiya da cunkoso. Ka ajiye shi don gajeren zango, kamar daga turke zuwa ƙofa.

Akwai abin da ba a cika gaya wa sabon makaho ba, ni kuwa ina ganin shi ne mafi daɗin wannan ilimi. Kunne yana jin gini. Idan kana tafiya kusa da bango, amsa-kuwwar takunka da ta sandarka tana dawowa kusa, da zarar bangon ya ƙare kuma sai ka ji sarari ya buɗe a wannan gefen, sau da yawa har da iska a fuska. Da haka za ka san ka iso lungu ko mashiga tun sanda ba ta faɗa ba. Motar da aka ajiye ma tana tare ƙarar titi kamar inuwa. Wannan ba baiwa ba ce ta wasu, saurare ne da ake koya, kuma yana ƙaruwa da yawan fita.

A wasu birane za ka ji daɓe mai tudu-tudu a ƙarƙashin ƙafa. Seiichi Miyake ne ya ƙirƙiro shi a Japan, aka fara shimfiɗa shi a birnin Okayama a 1967. Mai dogayen layuka yana nufin bi nan, mai ɗigo-ɗigo kuma yana nufin dakata, akwai titi ko matakala ko bakin dandamalin jirgin ƙasa a gaba. Inda babu shi, bi gefen hanya: bakin dakali, ko iyakar ciyawa, ko katanga, kana taɓa shi da sanda a kowane kaɗawa. Taswirar waya kuwa za ta kai ka unguwa da titi, amma tana iya kuskure da mita biyar ko goma, fiye da haka ma a tsakanin dogayen gine-gine, don haka ƙofar kanta sai da alamominka.

4. Tsallaka titi

Nan ne wurin da ba a gaggawa ko kaɗan. Tsaya a bakin titi, sandarka a gabanka inda direba zai gan ta, ka cire abin sauraro, ka ba wa kunnenka lokaci. Abin da kake son ganewa shi ne tsarin wurin: hanyoyi nawa suka haɗu, motoci daga ɓangare ɗaya suke zuwa ko biyu, faɗin titin ya kai yaya, kuma tsayawa suke yi su tashi tare, wanda ke nuna akwai danja, ko kuwa kwarara suke ba yankewa.

A mahaɗa mai danja, motoci kashi biyu ne a wurinka: masu gilmawa ta gabanka, da masu tafiya a gefenka, suna bin layin da kai ma za ka bi. Idan na gabanka suka tsaya, na gefenka kuma suka taso gaba ɗaya, wannan tasowar ita ce alamarka. Ka bar zagaye ɗaya ko biyu su wuce kana saurare kawai, domin ka san tsawon lokacin da ake bayarwa, kuma ka gane ko akwai masu karya kwana su shigo ta gabanka. Ka tashi a farkon tasowar. Idan ka yi jinkiri har ta yi nisa, ka haƙura ka jira ta gaba. Ƙarar motocin gefen kuma ita ce za ta miƙar da kai: ka riƙe ta a nisa ɗaya da kafaɗarka, idan ka ji tana matsowa to ka karkata cikin mahaɗar, ka gyara. Wasu danjojin suna da maɓalli mai ƙara ko mai girgiza don masu tafiya a ƙasa. Yana taimakawa, amma ba ya tsayar da direban da ya ƙi tsayawa, saboda haka kunne na nan a kan aikinsa.

A titin da babu danja, jira ake yi har shiru ya samu ta kowane ɓangare. Ka gwada wurin tukuna: daga lokacin da ka fara jin mota zuwa lokacin da ta wuce gabanka, daƙiƙa nawa? Idan bai kai lokacin da kake bukata ka tsallaka ba, kamar a kusa da lanƙwasa ko bayan tudu, wurin bai dace ba, ko da shiru ne. Kada ka taso nan take bayan babbar mota ta wuce, domin ƙararta tana ɓoye ƙaramar da ke bin ta. Keke da motar lantarki kusan ba su da ƙara idan suna tafiya a hankali, ruwan sama da iska mai ƙarfi kuma suna rikita komai. Shataletale da babban titi mai layuka da yawa, shawarata ita ce kada ka tsallaka su kai kaɗai. Ƙara tafiya zuwa gadar masu ƙafa ko wata mahaɗa mai danja, ko ka nemi wani ya tsallakar da kai. Na shekara da yawa ina fita, kuma har yau akwai titunan da ba na tsallakawa sai da mutum.

5. Shiga motar haya

A tashar bas, tambayi wanda ke kusa ya gaya maka idan motarka ta iso, amma kada ka dogara da shi kaɗai, domin tasa na iya riga taka zuwa ya tafi bai ce komai ba. Duk motar da ta tsaya, tambayi direba ko yaron mota inda za ta. Da ka shiga, gaya masa inda za ka sauka, ka zauna kusa da shi idan akwai wuri, ka kuma tuna masa idan an yi nisa, tunda mantuwa ba ta da wuya ga mai aiki da jama'a. Kai ma ka riƙa bin hanyar da jikinka: yawan kwanoni, hawan gada, wurin da titi ke da gargada. Wajen sauka, sanda ce ke fara fita, ta auna nisan ƙasa ta kuma tabbatar ba a bakin kwata aka tsaya ba. Ka tsaya cik har motar ta tafi kafin ka nemi alamarka ta farko.

Idan tasi ka kira ta waya, sanar da direban cewa kai makaho ne, kana riƙe da farar sanda, shi zai neme ka ya yi maka magana. Kafin ka shiga, bar shi ya faɗi sunanka da inda za ka, kada kai ka fara faɗa. Ɗora hannu ɗaya a saman ƙofa domin kanka, ɗaya a kan kujera. Aika wa abokinka bayanin motar, kuma idan kun isa ka tambayi direban takamaimai: ƙofar gidan tana gabana ne, ko hagu, ko dama, kuma taku nawa?

6. Karɓar taimako da ƙin karɓa

Matambayi ba ya ɓata, amma tambaya ma tana da dabara. Idan ka tsaya ka ce a taimaka, kowa zai ɗauka da wani kake. Saurari takun mutum ɗaya, ka juya gare shi, ka gaishe shi, ka faɗi abu ɗaya ƙayyadadde: don Allah, malam, tsallakar da ni wannan titin, ko kuwa, baiwar Allah, wannan ƙofar lamba nawa ce? Idan ya ce can ne, ka ce masa hagu ko dama, domin da hannu yake nunawa bai lura ba.

Idan za a jagorance ka, kai ne za ka riƙe mutum, ba shi zai riƙe ka ba. Kama hannunsa a saman gwiwar hannu kaɗan, ka kasance rabin taku a bayansa, ta yadda jikinsa zai sanar da kai hawa da sauka da juyawa. A wuri mai ƙunci ya mai da hannun bayansa, kai kuma ka koma bayansa sosai. A bakin matakala ya dakata ya ce hawa ne ko sauka. Sandarka tana hannunka ɗaya, a tsaye kusa da jiki, ba a naɗe ba.

Za ka gamu da masu kyakkyawar niyya da za su cafke ka ba sallama, ko su kama bakin sandarka su ja. An taɓa tsallakar da ni titin da ban yi niyyar tsallakawa ba, na ɓata kusan awa guda kafin na gane inda nake. Tun daga ranar, idan aka kama ni nakan tsaya cik, in zare hannuna a hankali, in ce na gode, bari ni in riƙe ka, ko kuma na gode, na san hanyata. Kana da ikon ƙi, kuma ƙi cikin ladabi ba rashin godiya ba ne. Kada ka bar kowa ya ɗaga bakin sandarka daga ƙasa, kuma idan mai taimako zai tafi, ya bar ka a jikin wani abu da za ka taɓa, bango ko turke, ya gaya maka inda ka fuskanta.

7. A gidan abokinka

Kira shi idan ka kusa, amma idan kana son hanyar ta zauna maka, roƙe shi ya jira a ƙofa maimakon ya taro ka a titi. Da kun shiga, nemi ya zagaya da kai na minti biyu: inda za ka zauna, hanyar banɗaki da yadda cikinsa yake, inda famfo da sabulu suke, matakala idan akwai, da ƙofar fita. Mutane da yawa suna jin nauyin tambayar banɗaki, sai su takura kansu su katse ziyarar da wuri. Tambaya ɗaya a farko ta raba ka da wannan. Wurin zama kuwa, ya ɗora hannunka a kan makarin kujera kawai, kai ka shafa mazaunin ka zauna da kanka. Naɗe sandarka ka sa ta ƙarƙashin ƙafarka ko gefen kujera, kada a karɓa a jingine maka ita a wani wuri, haka ma takalminka ka san inda yake.

Ka gaya wa mutanen gidan abubuwa biyu ba tare da kunya ba. Ƙofa ta kasance a rufe ruf ko a buɗe sosai, domin wadda aka bari rabi ita ce ke fasa goshi, sanda na iya wucewa ta gefenta ba ta taɓa ta ba. Sannan duk wanda ya shigo ya faɗi sunansa, wanda zai fita kuma ya ce ya fita, saboda babu abin da ke sa mutum jin kaɗaici kamar ya gane da kujera yake magana. A cikin ɗaki, idan ba ka riƙe da sanda, bi bango da bayan yatsunka, ɗaya hannun kuma a gicciye a gaban fuska, tafinsa na kallon waje, musamman idan za ka sunkuya ɗaukar wani abu.

Idan aka kawo abin ci ko sha, a gaya maka mene ne da inda yake. Hanya mai sauƙi ita ce a ɗauki faranti kamar fuskar agogo, ƙarfe 6 na wajenka, ƙarfe 12 na nesa da kai. Wajen neman kofi, tura hannu a kan tebur a hankali, yatsu a lanƙwashe suna shafar teburin. Hannun da ya zo ta sama shi ke kifar da kofi. Idan wani baƙo ya tambayi abokinka me kake so alhali kana zaune, amsa da kanka cikin fara'a, daga nan zai riƙa yi maka magana kai tsaye. Tambayoyi game da makanta za su zo, musamman daga yara. Amsa abin da ka ga dama, sannan ka mai da hirar kan abin da ya kawo ka, domin wurin aboki ka zo.

8. Idan ka ɓace

Zai faru, kuma yana faruwa ga waɗanda suka daɗe suna fita. Da zarar alamar da kake jira ba ta zo ba, tsaya. Babban kuskure shi ne ci gaba da tafiya da fatan hanya za ta gyara kanta, ko juye-juye a wuri ɗaya har ka manta inda ka fuskanta tun farko. Matsa gefe, nesa da ƙarar motoci, ka taɓa wani abu tsayayye. Tambayi kanka wace alama ce ta ƙarshe da ka tabbatar da ita, babban titi yana wane gefe a lokacin, yanzu kuma yana wane gefe. Sau da yawa za ka tarar mashigar wani gida ko filin ajiye motoci ka faɗa, kuma komawa wajen ƙarar titi zai dawo da kai. Idan hakan bai yi ba, tambayi taswira sunan titin, ko ka kira abokinka ta bidiyo ka juya wayar a hankali ya ga inda kake, ko ka miƙa katinka ga mai shago, wanda ya fi mai wucewa sanin unguwar.

9. Komawa gida

Hanyar dawowa hanya ce ta daban, ba ta zuwa ba ce kawai a juye. Abin da ke dama ya koma hagu, tashar motar komawa galibi tana tsallaken titi, kuma da dare shaguna sun rufe, ƙarar da ka saba da ita ta ɗauke, direbobi ma ba sa hango ka da wuri, don haka tufa mai haske ko ƙyalle mai ƙyalli a jikin sanda yana da amfani. Duba cajin wayarka kafin ka yi sallama, ka bar abokinka ya raka ka zuwa tasha a karon farko yana bayanka kamar yadda aka yi da zuwa, ka kuma kira shi idan ka isa. A daren nan, tun abin bai gushe ba, naɗi abin da ka koya: alamar da ta yi aiki, wadda ta yaudare ka, da wurin da ka yi shakka. Ka sake bin hanyar a cikin mako guda, sannan ka shafa bakin sandarka ka ji ko ya cinye, domin kwalta tana cin sa da sauri, kuma ya kamata a sami na canji a cikin jaka.